Wayar da Na Ja Zuwa Ɗakin Inna

A daminar da Inna ta karye ne na san gidanmu na Dutsin-Ma yana da tsawo. Shekara shida muna cikinsa ni da maigidana, ban taɓa lura da nisan da ke tsakanin falo da katangar baya ba sai a lokacin.

Inna mahaifiyata ce, ni ce kuma 'yar farinta, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in ranta ya yi fari ta ce "mutuniyar birni". Zamewa ta yi a bakin rafi, can rugarmu ta wajen Tamawa, da ƙwarya a kanta, ƙashin cinya ya tsage. Kawu, ƙanenta, shi ya ɗauko ta a mota zuwa asibiti a nan Dutsin-Ma. Aka yi mata aiki, likita ya ce wata uku ba za ta taka ƙasa ba.

Na share mata ɗakin da ke jikin falo, na shimfiɗa sabon zanen gado. Da aka shigo da ita ta dubi ƙofar ɗakin, ta dubi ƙofar ɗakin maigidana da ke kallonta, sai ta sunkuyar da kai.

"Ke, nan za ki aje ni ina jin tarin surukina, shi ma yana jin nawa?"

Na ce, "Inna, yanzu ai ba a wannan."

Ta ce, "Ni ana yi."

Dole muka kwashe buhunan masara da tsofaffin tukwane daga wani ɗakin ƙasa da ke can ƙuryar gida, bayan rijiya da bishiyar darbejiya. Mun tarar da shi ne a gidan lokacin da muka tare, ginin mutanen da, mai kaurin bango, da sanyi kamar cikin randa. Can ta zaɓa. Maigidana kan tsaya a gindin darbejiya da safe ya yi sallama, ya ce, "Inna, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?" Ita kuma ta amsa da murya ƙasa-ƙasa, fuskarta na kallon bango. Iyakar maganarsu ke nan.

Makonni biyun farko ba ta yi ƙorafin komai ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Tana kwance tana saƙar faifai, in ta gaji ta ajiye ta zuba wa 'yar tagar ido. Babu abin gani ta tagar sai katanga da guntun sama, amma takan daɗe tana kallo kamar mai ƙirga wani abu da ke wucewa. Fura da na dama mata sai ta kurɓa sau biyu ta rufe. Wata rana na shiga da azahar na same ta tsakanin barci da farkawa, hannunta na dama yana motsi a kan zane, yatsu na matsewa suna saki. Na daɗe a tsaye kafin na gane tatsa take yi.

Unguwarmu a gindin dutse take, sabis sai an neme shi. Shi ya sa muka sa rauta a falo, ɗan farin akwatin nan mai layin waya a ciki, wanda ke raba wa wayoyin gida intanet. A kan taga muka ɗora ta, inda ta fi kamawa. Tana kaiwa tsakar gida, tana kaiwa madafa, amma daga rijiya sai ta fara ja da baya, kafin a kai ɗakin Inna ta ɓace. Ko kiran waya na yau da kullum ba ya ratsa wannan bango. Kawu kan aiko da saƙon murya, in sauke a falo in kai mata ta ji. Sai ta kasa kunne, ta ce wa wayar, "To ita jar saniyar, ta haihu?" Wayar ta yi shiru. In koma falo in tura tambayar, amsa ta zo washegari, lokacin ta riga ta yi wata damuwar.

Ina aikin buga takardu a wani sashe na jami'a. Akwai wani dattijo mai duba kwamfutocin ofishinmu, Malam muke ce masa, mutum mai magana a hankali da tabarau a kan hanci. Na ba shi labari muna jiran a kawo wuta. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya jawo wata tsohuwar ambulan ya juya bayanta ya zana akwati biyu, ya haɗa su da layi.

"Wannan taki ce ta falo. Wannan kuma wata ce, ina da tsohuwa a gida tana shan ƙura, gobe zan kawo miki. Kebul za ki ja daga nan zuwa nan. Ta falo ita ce uwa, ta biyun miƙa hannu kawai za ta yi."

Na ce, "Malam, ni fa bugun takarda na iya."

"Wanda ya iya bugun takarda ya iya wannan. Abu uku ne."

Ya rubuta su a ƙasan zanen. In shiga cikin ta biyun da laftof in canza lambar ƙarshe ta adireshinta don kada ta yi daidai da ta uwar. In kashe abin da ke raba wa wayoyi adireshi, tunda uwar na rabawa. In kuma soka kebul a ɗaya daga cikin ramukan rawaya, ban da shuɗin da ke gefe shi kaɗai.

Ranar Juma'a na biya kasuwa. Kafin nan na auna gidan da taku, daga tagar falo zuwa kan gadon Inna, na ƙara goma saboda kwana-kwana. Mai shagon ya yi dariya da na ba shi awo da taku, amma ya warware kebul ɗin daga babban naɗi, ya yanka, ya matse masa kawuna biyu da wata 'yar awartaki. Na hau keke mai ƙafa uku da naɗin a cinyata, toka-toka, mai sanyi. Hadari ya taso ta gabas, iska na ɗauke da ƙamshin ƙasa. Ina ta tuna igiyar da Inna ke ɗaure maruƙa da ita a jere da safe, doguwa, da madauki-madauki, kowane maraƙi ya san nasa.

Washegari Asabar maigidana ya ɗauko guduma da ƙananan ƙusoshi masu baka. Ya fitar da kebul ta saman taga, ya bi da shi ƙarƙashin indararo, yana bugawa ina miƙa masa. Muka wuce madafa, muka kewaye rijiya. Da muka iso darbejiya sai ya sauko daga kan kujera, ya miƙo mini gudumar.

"Nan ne iyakata," in ji shi.

"Taku goma ya rage fa."

"Na sani. Ki ƙarasa. In na matsa kusa da tagar nan ba za ta ci abinci ba yau."

Na kife turmi na hau. Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa kamar na siminti, sai na riƙa neman inda azara ta leƙo. Na buge yatsana sau biyu. Daga ciki Inna ta ce, "Ke, mi kike kashewa a bangon nan?" Na ce mata igiya nake ja. Ta ce, "Allah ya sa ta kai."

Ta kai, har da saura. Na shigar da ita ta saman ƙofa, na ɗora tsohuwar rautar a kan wata kujerar tsugunno kusa da gadon, na jona ta da wutar sola da muka ja wa ɗakin saboda fanka. Baƙa ce, da ƙahonni biyu a tsaye. Inna ta dube ta sosai ta ce, "Wannan ai karsana ce." Ƙananan fitilu kore suka kama ɗaya bayan ɗaya. Murna ta sa na manta da ambulan ɗin Malam a jaka, na soka kebul a rami na farko da hannuna ya samu.

Wayata ta nuna ta kama, cike, amma babu abin da ya buɗe. Na cire na mayar a wani ramin. Nan ma shiru, kuma can daga falo maigidana ya ɗaga murya ya ce tasa ma ta tsaya. Na lalata na baya, ban gyara na gaba ba. Na fita har ƙofar gida inda sabis ke ɗan samuwa na kira Malam.

"Kin kashe mai rabon adireshin?"

"Ban shiga cikinta ba ma."

Ya ce, "To yanzu su biyun kowacce tana cewa ita ce uwa, wayoyinku sun rasa wadda za su bi. Cire kebul ɗin tukuna. Akwai wani ɗan rami a bayanta kamar hujin kunne. Ki sa tsinke ki danna, ki riƙe har fitilun su mutu su dawo. Sai ki bi takardar daga farko, kada ki tsallake."

Na koma na gaya wa Inna abin da ya ce. Ta gyaɗa kai, ta ce garke ɗaya ba ya bin sanda biyu, wannan ko yaro ya sani. Na rasa tsinke, sai ta zaro masillar da take saƙar faifai da ita ta miƙo mini.

Ruwa ya sauko daidai lokacin da na zauna a tabarma da laftof a cinya. Ba mai ƙarfi ba ne, irin wanda ke zuba a hankali ya daɗe. Ɗakin ya yi duhu-duhu da rana tsaka, babu haske sai na allon da ke gabana da koren fitilun nan. Na buga lambobin da ke jikin rautar, shafi ya buɗe. Na goge ɗaya na ƙarshen adireshin na sa biyu. Na nemo wurin kashewar, na kashe. Inna ta fara wani ɗan amo a maƙogwaro, irin wanda take yi in tana kaɗa nono, sai na ji kamar ina da shekara bakwai, ina kwance a bukka a gefen ƙafarta, ruwa na sauka a kan ciyawar rufi, ana jin numfashin shanu a waje da ƙamshin hayaƙin da aka tura musu saboda ƙuda. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, yatsuna a kan madannai. Da na dawo hayyacina rautar ta riga ta mutu ta sake kamawa. Na ɗauki kan kebul na soka a ramin rawaya, ya yi ɗan ƙas.

Saƙonni suka fara shigowa wayata a jere, a cikin ɗakin da bai taɓa jin ƙarar waya ba. Inna ta ce, "Karsanar ta sha?" Na ce ta sha.

Sauran aikin a can Tamawa yake. Kawu ma ba ya samun sabis a ruga, sai ya hau wani tudu mai tsamiya a kan hanyar Birchi. Muka shirya da shi ta saƙo cewa ranar Lahadi da hantsi zai koro shanun ta wajen kafin su wuce kiwo. Na jingina Inna da matasai, ta sa na ɗaura mata sabon kallabi. Kira na farko ya yanke. Na biyu ya nuna gemun Kawu ya daskare. A na uku sai ga fili kore shar, ga sama da farin gajimare, ga bayan shanu suna tafe a hankali.

Ba ta gaishe da Kawu ba. Ta karɓi wayar da hannu biyu ta kawo ta kusa da fuska.

"Matsa hagu. Wancan ɗan baƙin mi ya samu ƙafarsa? Kai, ka duba kunnen farar can, kaska ce nake gani." Kawu yana dariya yana bin umarni. Can ta hango jar saniyar da take ta tambaya, tana gefe tana cin ciyawa, da ɗan maraƙi mai rawar ƙafa a gindinta. Inna ta kafe ta da ido. Sannan ta yi wani kira da na daɗe ban ji ba, wanda ba Hausa ba ne, ba kuma Fillanci ba, amo ne kawai mai tashi ya sauka. Kawu ya ƙure ƙarar wayarsa ya miƙa hannu. Ta sake yi.

Saniyar ta ɗaga kai, ciyawa na reto a bakinta. Ta juya kunnuwa. Ta tako a hankali, tana tsayawa tana dubawa, har hancinta ya cika allon gaba ɗaya, baƙi, jiƙaƙƙe, muna jin hucinta. Ta yi kuka sau ɗaya, mai tsawo. Inna ta sa gefen mayafinta ta goge gilashin wayar, kamar hucin ya taɓa shi. Ranar ta shanye furarta har ta nemi ƙari.

Daga nan kusan kullum sai an yi. Na bar mata tsohuwar wayata, na nuna mata inda za ta taɓa in ta yi ƙara. Ban san katangar baya tana da kunne ba sai da wata Hajiya, maƙwabciyarmu ta baya, tsohuwa da ke zaune ita da surukarta, ta zagayo ta yi sallama da kwano a hannu. Ta ce kwana uku tana jin kukan shanu daga gidanmu da safe, ta zo a sayar mata da nono tun ba a kai kasuwa ba. Sai kawai na kai ta ɗakin Inna. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, Inna ta nuna mata karsanar mai ƙaho biyu a kan kujera. Hajiya ta zauna a bakin gado. Ba ta tashi ba sai da aka kira la'asar.

Washegari ta dawo da wayarta a ƙulle a gefen zane. Tana da 'ya da ke aure a Maraɗi, ta haihu, ba ta ga jaririn ba. Na sa mata kalmar sirrin. A ɗakin nan ta fara ganin jikanta, tana ta cewa goshin kakansa ne. Bayan mako guda in na dawo daga aiki sai in tarar da takalma ƙafa uku ko huɗu a ƙofar ɗakin ƙasa. Wata ɗanta na aikin gini a kudu, wata mijinta direban babbar mota ne. Inna ce ke tsara layi daga kan gado, wadda ta gama ta ba wata wuri, mai jira ta ɗauki kaba ta taya saƙa. Wani lokaci intanet ɗin yakan yi nauyi har a falo, maigidana ya dubi wayarsa ya dubi ƙuryar gida, ya ce, "Majalisa ta zauna ke nan," ya ajiye ta ya ɗauki rediyo.

Wata ranar Alhamis Inna ta ce in nuna mata yadda ake aika murya. Na nuna mata, na tambaye ta wa za ta aika wa. Ta kau da kai ta ce, "Mai gidan nan." Na danna mata na riƙe. Ta gyara kallabi, ta yi gyaran murya, ta yi masa godiya a kan ɗaki da magani da igiyar da ya buga, ta yi wa iyayensa addu'a, ta ce Allah ya sa ya gama da duniya lafiya. Tunda aka ɗaura mana aure ba ta taɓa haɗa masa jimla uku ba. Na tafi falo na same shi yana saurare. A tsaye yake, ya cire ƙafarsa daga kan kujera, ya gyara hula, ya ce amin a kowace gaɓa. Da ya ƙare ya sake kunnawa.

Inna ta fara takawa da sanda lokacin da gero ya fara nuna. Daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa rijiya. Likita ya duba hoto ya ce ƙashi ya kama. Tun a ranar ta fara naɗe kayanta. Matan unguwa suka yi mata rakiya har bakin titi, kowacce da faifai ɗaya da ta ba ta. Na ce wa Hajiya ɗakin a buɗe yake, rautar ma ba zan cire ba, har yau kuma takan zagayo da hantsi.

Ni na raka Inna a motar haya. A Kurfi ta sa direba ya tsaya, ta aike ni na sayo kanwa ƙulli biyu da gishiri na shanu. Daga inda mota ta ajiye mu Kawu ya ɗauke ta a babur, ni na biyo a wani, ta cikin gonakin da dawa ta fi mutum tsawo. Mun isa ana shirin sakin shanu, don Kawu ya sa an jinkirta tatsa saboda ita. Aka kawo mata kujera, ta ƙi, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafar da ta karye gefe guda, ta sa ƙwarya a tsakanin gwiwa da cinya. Da farko nonon ya fita a karkace ya jiƙa mata zane, sannan ya daidaita. Da ƙwaryar ta kai rabi ta ɗago ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"Ke, sha ki tafi. Motar Dutsin-Ma ba ta jiran kowa bayan la'asar."

Na sha da ɗuminsa, kumfa a leɓena, mai babur yana jirana a gindin wata ƙirya.